Farfesan Aro a Barkin Sale

Malam Zikrullahi ya je bikin yaye ɗalibai na ɗan ƙanwarsa, ya dawo Minna da jami'a guda a cikin kansa. A wurin bikin ne ya ji cewa digirin da ake rabawa ba na kwalejin ba ne, na wata babbar jami'a ne da suka ƙulla haɗin gwiwa da ita. Kwalejin ta koyar, jami'a ta ɗora sunanta a takarda. Tun a mota yake murmushi shi kaɗai, har fasinjan da ke kusa da shi ya matsa.

Shi dai abin da ya mallaka shaguna biyu ne a bakin titi a unguwar Barkin Sale, ya fasa bangon da ke tsakaninsu, ya jera kwamfuta uku, yana koya wa mutane buga rubutu. Makarantar ba laifi, masu zuwa suna ƙaruwa daidai gwargwado. Da ya tsaya a nan, da ya ci tuwonsa cikin rufin asiri. To amma mutum ne da bakinsa ke riga ƙafarsa isa ko'ina. Tun yana da ɗalibai huɗu ya hana a kira shi Malam a bakin aiki, ya ce Furobos za a riƙa cewa, irin na manyan kwalejoji.

Da ya sauka bai ko shiga gida ba, ya zarce wurin Ishaya mai faci, maƙwabcin shagonsa kuma abokin hirarsa.

"Ishaya, ajiye tayar nan. Daga yau da jami'a kake maƙwabtaka."

"Wace jami'a, Oga Furobos?"

"Ga ta nan." Ya nuna shagunansa.

Ishaya ya dubi shagunan, ya dubi mai shagunan, ya koma kan tayarsa. "To Allah ya sa ɗalibanta masu mota ne. Kasuwar faci ta yi sanyi."

Zikrullahi ya lalubo wata jami'a mai zaman kanta a wata jiha, ya aika mata da neman haɗin gwiwa ta intanet. Inda aka tambayi yawan malamai, ya rubuta abin da ya zo masa a rai. Inda aka ce a sa hoton ginin makaranta, ya je gaban wani sabon otal mai hawa uku, ya ɗauko shi ta gefen da ba a ganin sunan. Bai jira amsa ba ya kira mai fenti, aka ɗaga wani ƙaton allo a saman shagunan: KWALEJIN ZIKRULLAHI TA KIMIYYA DA FASAHA DA SAURANSU. DIGIRIN JAMI'A BA SAI KA BAR MINNA BA.

Matarsa Rahmatu tela ce, shagonta na bayan nasa. Ta fito da almakashi a hannu, ta ɗaga kai ta karanta.

"Malam, mene ne kuma da sauransu?"

"Abubuwan da ba mu fara koyarwa ba tukuna."

"Au, kimiyyar da fasahar kun fara?"

"Ke matsalarki ƙaramin tunani. Jami'o'in nan yunwar abokan hulɗa suke ji. Ni taimakonsu zan yi."

Allon kuwa ya yi aiki. Sababbin ɗalibai suka fara zuwa. A cikin tsofaffin ɗalibansa akwai Na'ima, mai 'ya'ya biyu da ke sana'ar cire kuɗi ta POS a unguwar Fadikpe. Ta riga ta sami gurbin karatu a wata kwalejin horar da malamai, amma da ta ga allon sai ta ajiye gurbin, ta ce ga digiri a bakin ƙofa, me zai sa ta riƙa barin yaranta tana doguwar tafiya.

Ana nan sai waya ta shigo. Muryar mace ce, a natse. Ta ce sunanta Dakta Patricia, ita ce shugabar sashen tabbatar da inganci na jami'ar.

"Kafin mu ɗora sunanmu a kan karatun kowa, sai mun zo mun gani da idonmu," in ji ta. "Za mu duba rajistarku da hukuma, da takardun malamanku, da manhajar da kuke bi, da laburare, da ɗakin kwamfuta. Za mu zauna a aji mu ji darasi, mu kuma gana da ɗalibai ba ka wurin. Ranar Litinin muna tafe."

"Ranki ya daɗe, ai ba sai kun wahalar da kanku ba. Sai in ƙaro muku hotuna."

"Hotuna mun gani. Ginin ma ya burge mu ƙwarai. Shi ya sa muke so mu shiga ciki."

Ko mai shayi bai gama wanke kofuna ba, labari ya zaga Barkin Sale cewa jami'a da kanta za ta tako ta gaida Furobos. Da aka tambaye shi me za su duba, sai ya kaɗa hannu.

"Al'ada ce kawai. Su ci shinkafa, a ɗau hoto, a sa hannu. Ni na san 'yan boko kamar yunwar cikina."

Amma da ya koma shago ya tsaya ya duba, sai yunwar ta gaske ta taso. Abin karantawa a duk makarantar bai wuce kalanda da littafin da ya zo cikin kwalin firinta ba. Nan take ya shiga aiki. Ya tattaro kwalayen taliya, ya sa mai fenti ya zana musu bayan manyan littattafai, ja da kore da ruwan zinari, aka jera su a kanta har sama. A layin da ido zai fara sauka ya sa littattafai na gaske: na waƙoƙin cocin su Ishaya, da na Islamiyyar 'ya'yansa, da mujallun ɗinkin Rahmatu.

Daga wurin wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa ya aro matattu, waɗanda har masu su sun haƙura. Aka goge su da man gyaɗa suka yi ta ƙyalli.

"In suka ce a kunna fa?" in ji Ishaya.

"A garin nan? Sai mu ce babu wuta. Ita ce gaskiya ɗaya da ba sai mun aro ba."

Ɗalibansa na gaske ya ba su hutu ranar Litinin, don ya san ba su iya riƙe baki ba. A madadinsu ya sami Ɗanladi, shugaban 'yan keke mai ƙafa uku da ke lodi a bakin layin, ya ce ya kawo masa yaransa su cika aji, akwai shinkafa da kaza. Aikinsu kawai gyaɗa kai da rubutu, ko da zanen taya ne.

Sai maganar malamai. Ya dubi Ishaya sama da ƙasa.

"Kai ne Dakta Ishaya, shugaban sashen injiniya."

"In an tambaye ni me zan ce?"

"Ka ce bincikenka a kan matsin iska ne. Ƙarya ce?"

Ishaya ya yi tunani, ya ga ba ƙarya ba ce.

"Saura Farfesa. Jami'a ba ta ganin girman makarantar da ba ta da Farfesa. Ina son dattijo mai furfura da tabarau, wanda ba ya yawan magana."

"Akwai kawuna Baba Joshua a Paiko, manomin doya. Furfura akwai, tabarau akwai. Rashin maganar ne ba zan yi maka alkawari ba."

"Kira shi."

Rigunan malamai kuwa Rahmatu aka sa ta ɗinka da labulayen ɗakinta, baƙi da ratsin ja. Tana taka keken ɗinki tana mita.

"Malam, zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Shi ya sa na ce ki yi shi da faɗi."

Ranar Litinin da safe 'yan keke suka jera kekunansu a bayan shago, suka shigo da birai a kunne. Kujeru ba su isa ba, aka tura Ishaya coci ya aro benci. Zikrullahi ya tsaya a bakin titi cikin babbar riga, yana leƙen hanya yana tsaki, don har lokacin Farfesansa na Paiko bai iso ba.

To ashe a cikin kwamitin da jami'a ta turo akwai wani dattijo, Farfesa Sheshi, malamin kimiyya. Ya yi hutun ƙarshen mako ne wurin surukansa a kusa da Paiko, da safe motarsa ta ƙi tashi. Sai ya buga wa Dakta Patricia ya ce su haɗu a can, ya shiga motar haya, ya sauka ya hau keke. Ga furfura, ga tabarau, ga kaftani ya sha zaman mota, ga kuma buhu da 'yan doyoyin da surukai suka matsa masa ya tafi da su. Haka ya sauka a gaban allon, ya riga kowa.

Zikrullahi ya tare shi da sauri. "Daga Paiko?"

"Daga can nake."

"Alhamdulillahi! Baba, ka makara. Shigo, shigo."

"Ni ne Farfesa Sheshi, na zo ne daga..."

"Kai! Ishaya ya iya aiki. Har suna ya canza maka? Sheshi. Ya yi, ya dace. Sake faɗa in ji."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau. "Ni ne Farfesa Sheshi."

"A'a, a'a. Ka faɗe shi kamar mai tambayar hanya. Farfesa ba ya magana haka. Ɗaga haɓa. Kumbura ƙirji. Kai ka ma taɓa ganin Farfesa kuwa?"

"Nakan gani jefi-jefi."

"To ni da su nake cin abinci. Miƙo hannu."

Farfesa Sheshi ya daɗe a wannan aiki. Ya san makarantu kan yi kwalliya idan za a zo duba su, amma ba a taɓa gayyatarsa ɗakin da ake shafa hodar ba. Sai ya ajiye buhunsa a lungu, ya miƙa hannu, aka zura masa rigar labule.

Zikrullahi ya ja shi zagaye. "Nan laburare ne. Kada ka jingina, kwali ne. Kwamfutocin nan uku na gaba su ne masu rai, sauran duk gawa ne. Waɗancan ɗaliban 'yan keke ne, kada ka tambaye su komai. Ishaya ɗanka kuma yau Dakta ne, kada ka kira shi da sunan gida."

"To masu zuwan, in suka gane fa?"

"Su wa? Baba, karatu ya cinye musu ido. Ka nuna wa ɗan boko takarda mai tambari, ka ɗora masa cinyar kaza, shi ke nan ka gama da shi. Na ji ma akwai wani tsoho a cikinsu, irin masu barci a taro. Shi ko lissafa shi ban yi ba."

"Allah sarki," in ji Farfesa.

Daidai nan Ishaya ya shigo da benci a ka. Ya ga baƙon fuska cikin rigar kawunsa, ya sauke bencin, ya jawo hannun rigar Zikrullahi.

"Oga, wannan fa ba..."

"Ga motarsu nan! Ishaya, sa rigarka. Dakta ne kai yanzu, daina jan mutane."

Farar mota ta tsaya. Dakta Patricia ta fito, tare da wani abokin aikinta mai riƙe da jaka. Idonta na sauka a kan Farfesa Sheshi cikin labule sai ta tsaya cak. Dattijon ya ɗan girgiza mata kai. Ta ciji leɓe, ta gyara tabarau, ta ƙaraso.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe!" in ji Zikrullahi. "Ga ginshiƙin makarantarmu, Farfesa Sheshi. Ni na je har ƙasar waje na roƙo shi ya dawo gida."

"Ikon Allah," in ji Dakta Patricia. "Farfesa, yaya aiki a nan?"

"Wallahi Dakta, tun da na zo nake ƙaruwa."

Zikrullahi ya yi masa alama da ido cewa ya yi daidai. Ya ce a fara da abinci, Dakta Patricia ta ce sai an gama. Ta dubi shagunan biyu.

"Ina ginin mai hawa uku?"

"Fenti ake yi masa. Nan mazaunin wucin gadi ne."

"Mun wuce ta gabansa yanzu. Mun ga an rubuta akwai ɗakunan kwana da wurin biki."

"Wannan ai sashen koyon karɓar baƙi ne."

"Rajistarku da hukuma fa?"

"Tana can ginin. Fenti ya tare ƙofar."

Ta nufi laburare. Ta zaro littafi ɗaya ta buɗe. "Waƙoƙin sujada. Wannan na wane sashe ne?"

"Kiɗa da waƙa. Yana cikin da sauransu."

Abokin aikinta ya hango wani jan littafi a ƙasan kanta, ya sa yatsa zai zaro shi. Sai littattafai goma suka biyo shi a manne, kwali guda. Kafin ya gane abin da ke hannunsa, wata kaza da ta mai da kwalin wurin saƙa ta yi tsalle ta fito da kuka, ta bi ta kan kafaɗarsa, ta daki kantar. Kwalaye suka yi ta zubowa ba nauyi ba ƙara. Ƙwai ɗaya ya gangaro ya fashe a gaban takalmin Dakta Patricia.

"Sashen noma da kiwo," in ji Zikrullahi, yana share gumi.

Rahmatu ta leƙo ta ƙofar baya. "Kazata! Tun jiya nake nemanta. Ashe karatu ta shiga."

Aka wuce ɗakin kwamfuta. Suna jere suna ƙyalli gwanin sha'awa.

"A kunna mana su," in ji Dakta Patricia.

Zikrullahi ya sauke ajiyar zuciya, don nan ne ya fi ƙarfi. "Ranki ya daɗe, da son samu ne. Amma kin san halin da ƙasa ke ciki. Tun shekaranjiya rabonmu da..."

Bai rufe baki ba yaran unguwa suka kwashe da ihu a waje: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Fankar sama ta yi ƙara ta fara juyi. Kwamfuta uku suka buɗe ido. Sauran suka yi shiru irin na maƙabarta, ban da guda ɗaya da Ishaya ya jona wa soket don ta yi kama da mai rai. Ita sai ta fara huci, hayaƙi ya taso, ƙamshin man gyaɗa ya cika ɗakin.

"Ƙosai ake toyawa a kusa?" in ji mai jaka.

Ishaya ya yi tsalle ya fizge wayar. Dakta Patricia ta juyo gare shi.

"Kai ne shugaban sashen injiniya? A ina ka yi digirinka na uku?"

"Matsin iska, Madam."

"A'a, wace jami'a?"

"Ya danganta da motar, Madam. In babba ce..."

Sai ga direban kwamitin ya leƙo. "Madam, tayarmu ta baya ta yi ƙasa. Ko akwai mai faci a kusa?"

Ƙafar Ishaya ta riga kansa yanke shawara. "Ga ni!" Ya tattare rigar labule ya fice a guje.

"Hidimar al'umma," in ji Zikrullahi. "Muna ba ta muhimmanci sosai."

"Na gani. Mu je aji."

'Yan keke na zaune sun ƙame, kowa da biro. Zikrullahi ya tura Farfesa gaba, yana raɗa masa a kunne: "Rubuta ko mene ne a allo. Ka yi ta Turanci, ko na ƙarya ne, ba mai ganewa."

Farfesa Sheshi ya ɗauki alli, ya zana keke mai ƙafa uku. Ya juyo ya ce da Hausa, "Wa zai gaya mini abin da ke sa keke ya kife a kwana idan an ɗora masa kaya a sama, amma in kayan na ƙasa sai ya wuce lafiya?"

'Yan keke suka dubi juna. Can Ɗanladi ya kasa haƙuri. "Gudu ne, Baba."

"Ƙarya ne!" in ji wani daga baya. "Ni a hankali nake tafiya na zubar da buhunan masara a kwanar kasuwa."

Nan fa aji ya kama da musu. Farfesa ya bar su suka gaji, sannan ya nuna musu inda nauyin abu yake taruwa, da yadda yake tashi sama idan an yi lodi a rufi, da yadda kwana ke tura shi waje da tayoyi. 'Yan keke suka miƙa wuya. Har masu zanen taya suka fara rubutu na gaske.

Zikrullahi ya saki baki. A ransa yana cewa ashe manoman Paiko ba a banza suke ba. Ya matsa kusa da Dakta Patricia. "Kin gani ko? Ni na horar da shi da hannuna."

Ana tsakiyar haka wata mata mai kaya niƙi-niƙi ta tsaya a bakin titi ta ɗaga murya: "Keke! Fadikpe, shata!"

Ajin gaba ɗaya ya miƙe. Benci ya kife. Ɗanladi na ihu, "Layina ne! Wallahi layina ne!" Suka cushe a ƙofa, wani ya bi ta taga. Kafin ƙiftawar ido ba kowa sai takalmi wari ɗaya da birai a ƙasa, ga kekuna na ta tashi a bayan shago.

"Darasin gwaji suka fita," in ji Zikrullahi, amma muryar ta fara sirancewa.

Hayaniyar ta tara jama'a. Mai shayi ya bar tukunyarsa, masu shaguna suka fito, mata suka tsaya da tallansu. Cikin taron nan ɗan acaba ya sauke wani dattijo mai furfura da tabarau, muryarsa kamar ganga.

"Ina Ishaya? Ina mai makarantar? Ni ne Joshua daga Paiko, an ce in zo in zama Farfesa! Na tsaya sallamar masu sayen doya ne. Ina rigar? An ce in yi shiru kawai a ba ni shinkafa."

Ya kutsa ciki, ya yi ido biyu da Farfesa Sheshi. "Kai kuma wa ya ba ka rigata? Daga wane ƙauye aka ɗauko ka? Aikin nan ni aka fara yi wa magana!"

"Ranki ya daɗe, kada ki kula shi," in ji Zikrullahi. "Wani mai taɓin hankali ne da ke yawo a unguwar nan."

Ishaya ya shigo hannu duk baƙin taya. "Oga, kawun nawa ne mai taɓin hankali? Wannan shi ne Baba Joshua! Tun ɗazu nake so in gaya maka."

Zikrullahi ya dubi Baba Joshua. Ya juya a hankali ya dubi mai riƙe da alli. "To... wannan fa?"

"Wannan Farfesa Sheshi ne," in ji Dakta Patricia. "Tare muke. Shi ne zai rubuta rahoton ziyarar nan."

"Tsohon nan mai barci a taro," in ji Farfesa. Ya tuɓe rigar, ya ninke, ya miƙa wa Baba Joshua. "Ga kayanka, Yaya. Ka yi haƙuri, ɗumama maka na yi."

Dariya ta ɓarke tun daga ƙofa har bakin titi. Mai shayi sai da ya zauna a ƙasa. Amma Zikrullahi bai saduda ba. Ya gyara babbar riga ya ɗaga hannu.

"Ai na sani! Tun da ya sauka na gane shi. Gwada ku nake yi. Mu ma ba ma haɗa kai da kowace jami'a sai mun tabbatar da ingancinta. Ina taya ku murna, kun ci jarrabawa."

"Mun gode," in ji Dakta Patricia. "To kai ina takardunka? Ko guda ɗaya, ta makarantar ko ta malamanta."

Sai wata murya ta fito daga cikin taron. Na'ima ce. Ɗan keken da ya kai fasinja Fadikpe ne ya ba ta labari, ta rufe rumfarta ta biyo shi.

"Madam, don Allah ni ɗalibar nan ce ta gaske. Tambaya ɗaya gare ni. Digirin nan zan same shi?"

Dariyar ta lafa. Dakta Patricia ta dube ta sosai.

"Ba za ki samu a nan ba, 'yar'uwa. Ba mu taɓa amincewa da makarantar nan ba. Takardar da ke ɗauke da sunanmu, duk inda kika kai ta za a yarda kin san abin da aka rubuta a kai, a ba ki aji ko ofis a kan wannan yardar. Shi ya sa ko makarantar da muka amince da ita ba ma sakar mata. Mu ke duba tambayoyin jarrabawa, mu sake bin makin da aka bayar, mu dawo duk shekara. Nan kuwa ko ƙofar farko ba a shiga ba."

Na'ima ta juya ga Zikrullahi. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta rawa.

"Malam, na ajiye gurbina saboda allon nan. Kai ka koya mini kwamfuta, na kuma iya, ban taɓa raina ka ba. Me ya kai ka?"

Tun da aka san Zikrullahi a Barkin Sale, ranar ce aka fara ganin ya buɗe baki ya rufe ba abin da ya fito.

Farfesa Sheshi ya ce wa Na'ima ta koma kwalejin tun da wuri ta nemi a ɗage mata gurbin zuwa baɗi, ba ya yi mata alkawari, amma akan yi. Dakta Patricia kuma ta ce allon nan yau zai sauka, a kuma mayar wa duk wanda ya biya don digiri abinsa, in ba haka ba maganar ta wuce hannunsu ta koma na hukuma.

Aka kawo tsani. Zikrullahi ya naɗe babbar riga ya hau, jama'a na kallo, Rahmatu na riƙe da ƙasan tsanin.

"Rahmatu, riƙe da kyau."

"Ina dai tunani tukuna."

Yana kwance ƙusa ta ƙarshe sai ga 'yan keke sun dawo gaba ɗayansu, ba wanda ya makara, suka zauna suka cinye shinkafar baƙi har da ƙanzo. Farfesa ya ɗauki buhun doyarsa. Da zai shiga mota ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kwamfutocinka uku suna da rai. Ka yi musu rajista da sunansu na gaskiya, ka ci abincinka. Kazar kuma a sallame ta, ta gama karatu."

Na'ima ta sami gurbinta, amma sai da ta yi asarar shekara guda, kuma ba ta sake taka shagon ba. Zikrullahi ya yi kwanaki ba ya zama wurin mai shayi. Da ya dawo kuwa, kofin farko bai huce ba ya ce, "Ku faɗi gaskiya, a duk Minna makarantar wa Farfesa na gaske ya taɓa koyarwa kyauta?"

Abu ɗaya ya rage. Baba Joshua ya tafi da rigar, Rahmatu kuma ta ce tagarta ba za ta zauna tsirara ba. Dole Zikrullahi ya hau motar Paiko ranar kasuwa. Ya tarar da dattijon zaune a gaban tulin doya cikin baƙar riga mai ratsin ja, masu saye sun yi layi, kowa na cewa, "Farfesa, nawa kashin nan?"

Zikrullahi ya rage murya. "Baba, rigar na zo karɓa. Ni ne Furobos."

Baba Joshua ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Furobos ko? To, ina takardunka?"